Sanyin Arlit ta ƙafa yake shiga



Wanda bai taɓa kwana a garin nan cikin watan Janairu ba, in ka ce masa ana sanyi a Arlit dariya zai yi maka. Abu biyu ya sani game da mu, uraniyom da zafi. Zafin kuwa ba ƙarya ba ne, a watan Mayu da Yuni ma'auni yakan kai digiri 45, ƙarfen ƙofa ma sai da tsumma kake kama shi. Amma daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu akwai wata Arlit ɗin daban. Rana na faɗuwa, zafin da ƙasa ta sha tun safe sai ya gudu sama, tunda babu gajimare babu raɓa da za su tare shi. Kafin asuba ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10, wasu dararen ya kusa 5, ga iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas ba itace ba dutse da zai rage mata ƙarfi. Mutanen Timiya da Iferwan da na kan dutsen Bagzan su ma dariya suke yi mana, don su a can akwai daren da ruwa ke daskarewa a ƙwarya.

Abin da na lura da shi shi ne, sanyin nan ta ƙasa yake cin mu, saboda mu mutanen ƙasa ne. A ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke salla, a ƙasa ake dafa shayi ana hira, yara kuma yawancinsu a katifa ko tabarma suke kwana bisa daɓe. Bature yana kan kujera da takalmi a ƙafarsa, shi iskar ɗaki ce damuwarsa. Mu daɓe ne. Kuma tun da aka kafa garin nan, SOMAIR ta fara haƙo a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978, ginin da ido ya saba gani a matsayin na mai hali shi ne bulon siminti, rufin tol, daɓen siminti ko karo. Kowa ya samu ƴan kuɗi haka yake so ya gina, daga Bukoki har Akokan. Irin wannan ɗaki da bazara tanda ne, da ɗari kuma firiji. Ka taka karo da asuba bayan ka yi alwala, za ka ji sanyin ya bi ƙashi har tsakar ka.

Maganin da muka sani kowa ya san shi. A cika furno da gawayi, a bari ya kama, a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma ko kwali. Ɗumi ya samu, barci ya yi daɗi. Shekaru biyu da suka wuce, a layinmu, wani bawan Allah da matarsa da ƴaƴa uku suka yi haka. Allah ya sa ƙanensa ya zo ya buga ƙofa don su tafi masallaci, ya ji shiru, ya sake bugawa, shiru. Da aka ɓalle ƙofar, maigidan yana iya buɗe ido amma ya kasa ɗaga hannu, ƙaramin yaron kuwa sai a gidan likita ya farfaɗo. Washegari a majalisa wasu na cewa iska ce, wasu na cewa abincin dare ne. Ba ko ɗaya. Garwashi idan yana ci a wurin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai kasala, sai barci mai nauyi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce ai hayaƙin ya ƙare, garwashi ya yi ja, babu komai. To jan garwashin nan ma yana fitar da ita. Ƴan uwanmu da ke zuwa aiki Aljeriya sun sani, a can duk shekara da sanyi jami'an agaji suna ƙirga mutane fiye da 100 da wannan iska ta kashe, har gwamnatinsu ta sa aka shiga liƙa na'urar gano ta a gidaje.

Tun daga ranar na hana shiga da furno ɗakin kwana a gidana. Kowa ya bi, sai mutum ɗaya. Inna, mahaifiyata, tana fama da sanyin ƙashi, gwiwoyinta da ɗari kamar ba nata ba, salla ma a zaune take yi. In na yi magana sai ta ce, "Kai yaron nan, tun ba a haife ka ba nake jin wuta, yau ne za ta kashe ni?" Sai dai in jira ta yi barci in lallaɓa in fitar. Wani lokaci ta farka ta kama ni da furno a hannu kamar ɓarawo.

Bana da na fara gina mata ɗaki nata a bayan gida, ƙanena da ke aikin gini a arewacin Aljeriya ya kira ni ya ce, "Yaya, kafin ku zuba daɓe ku tsaya. Nan masu kuɗi bututu suke shimfiɗawa a ƙasa, ruwan ɗumi yana zagayawa, daɓen ne da kansa yake ɗumama ɗaki." Ya turo hotuna, jan bututu an nannaɗe shi a ƙasa kamar igiyar guga. Na kai wa Inna wayar ina ta bayani irin na ɗan boko. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To ai wannan gadon ƙasa ne. Uwata tana da shi."

Kuma gaskiyarta. Matasan da aka haifa a nan da yawa ba su taɓa ganinsa ba, amma a ƙauyukanmu na kudu, wajen Maraɗi da Tasawa da Katsina har Zariya, tsofaffin ɗakuna suna da gado da aka gina da laka, ƙarƙashinsa rami ne mai baki a gefe. Da yamma a zuba garwashi ko a hura ƴan itace a ciki, laka ta sha zafi a hankali, ta riƙa sakinsa har gari ya waye. Tsofaffi ke kwana a kai da ɗari, sai kuma mai jego. Hikimar a nan take: ba iska ake ɗumamawa ba, wadda da an buɗe ƙofa ta tsere, abu mai nauyi ake ɗumamawa, shi kuma ba ya saurin hucewa. Sai dai gadon ƙasa yana da aibi biyu. Na farko wutar a cikin ɗaki take, babu hanyar fitar hayaƙi, abin da ya cece su shi ne rufin ciyawa da ƙofar asabari da iska ke ratsawa. Ka kawo shi ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe ka ga abin da zai faru. Na biyu, zafin yakan wuce kima. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka nuna cewa kwanciya kan gado mai zafi da wankan jego da tafasasshen ruwa da yawan shan kunun kanwa suna ɗora wa zuciya nauyin da ba ta iya ɗauka. Wannan magana na faɗa wa Inna, ta ce likitocin ba su taɓa haihuwa ba. Na yi shiru.

Ba mu kaɗai muka yi wannan tunani ba. Wanda ya taɓa zuwa kangon garin Timgad a Aljeriya, wanda Rumawa suka gina wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa, zai ga gidajen wanka da aka ɗora daɓensu bisa ƴan ginshiƙai na bulo, wuta tana waje, zafinta yana bi ta ƙarƙashi. Mutanen arewacin Sin suna da gadon bulo da suke kira kang. Koriyawa su suka kai abin ƙarshe da ondol ɗinsu: hayaƙin murhun girki yana bin ramuka a ƙarƙashin daɓen dutse, ya fita ta bututun hayaƙi a ɗaya gefen gidan, wato da wutar tuwo ɗaya an yi girki an ɗumama ɗaki. Su ma irinmu ne, a ƙasa suke zama, a ƙasa suke kwana. Amma ku ji abin da ya same su. A shekarun 1960 da 1970 da suka koma ƙona curin kwal maimakon itace, gubar nan ta riƙa bi ta tsagar daɓe tana kashe mutane cikin barci, da yawan gaske. Shi ya sa suka bar tura hayaƙi suka koma tura ruwan zafi cikin bututu. Na kawo wannan ne saboda mu ma muna da kwal a Anu Araren, kuma na ji wani yana cewa me zai hana a gina rami ƙarƙashin ɗaki a riƙa zuba shi. Don Allah kar a fara. Daɓen siminti yana tsagewa, kowa ya sani, kuma tsagar da ido bai gani ba ta ishi guba hanya.

Na zamanin iri biyu ne. Akwai na waya, inda ake shimfiɗa wayar kuran mai yin zafi a ƙarƙashin karo. Akwai na ruwa, inda ake shimfiɗa bututun roba na musamman, tsakanin layi da layi kamar santimita 15 zuwa 20, a zuba siminti mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kai, ƙaramin famfo yana tura ruwa yana zagayawa. Ruwan ba tafasasshe ba ne, digiri 30 zuwa 40 ya isa, wato ɗumin ruwan wankan jariri ko sama kaɗan. Tunda duk faɗin daɓen ne ke bada ɗumi, ba ya buƙatar ya yi zafi sosai. A Faransa ma doka ce tun 1978, saman daɓe kar ya wuce digiri 28, saboda a gidajen da suka gina kafin nan sun riƙa sakin zafi da yawa har mutane suna kukan kumburin ƙafa. Kun ga maganar likitocin Zariya ta dawo ta wata ƙofa.

Amfaninsa ga irin zamanmu a fili yake. Babu wuta a ɗaki, don haka babu guba, babu gobara, babu yaro mai rarrafe da zai faɗa kan garwashi, kuma duk wanda ya leƙa gidan likita da ɗari ya san yawan yaran da ake kawowa da ƙuna. Ɗumin yana nan inda jiki yake, a ƙafa da gwiwa da baya, ba can sama wajen tol ba inda ɗumin furno ke taruwa. Ba ya tada ƙura kamar hita mai fanka, masu asma sun san darajar wannan a garin da ƙura ta riga ta yi mana yawa. Ba ya cin wuri. Sannan gawayin da muke ƙonawa ba a Arlit yake tsirowa ba, itacen kwarurukan Abzin ne da na nesa ake sarewa ana kawo mana a mota.

Yanzu bari mu yi lissafi, don kar a ce na zo tallar kaya. Ɗaki mai mita 4 da 4, in ka cire wajen gado da akwatuna, za ka ɗumama kamar murabba'in mita 12. Na waya yana cin wat 100 ko fiye a kowane murabba'in mita, wato wat 1200. Kamar ka kunna dutsen guga ne ka bar shi. Awa 6 a dare ya zama kilowat-awa 7 da ɗan ɗori, dare 60 ya haura 400. Kowa ya ɗauko takardar kuɗin wutarsa ya ninka da kansa. Ban da wannan, kuran ɗin da muke sha daga tashar SONICHAR yake zuwa, wadda ke aiki tun 1981, kuma duk mun san injin da ya kai waɗannan shekaru yana da ranakun hutunsa. In wuta ta ɗauke ƙarfe biyu na dare, wayar da ke cikin daɓe ta zama ado. Ni dai na waya bai kwanta mini ba.

Na ruwa shi ne ya dace da mu, kuma dalilin yana bisa kanmu. Ko a tsakiyar Janairu, ranar Arlit tana da ƙarfi, in ba ranar da hazo ya rufe ba. Daɓen murabba'in mita 12 mai kaurin santimita 10 nauyinsa ya fi tan 2 da rabi. In ka ƙara masa digiri 8 da rana, ya ajiye zafin da ya kai kilowat-awa 5, kuma zai sake shi sannu a hankali cikin dare. Faifan ɗumama ruwa da rana mai murabba'in mita 2 zuwa 3 a kan rufi yana iya bada wannan a yini guda. Ƙaramin famfon kuma ƙaramin faifan sola ya ishe shi, rana ta fito ya tashi, rana ta faɗi ya tsaya, daidai lokacin da ake so. Ba batir, ba gawayi, ba kuɗin wata. Gadon ƙasar kakata ne, sai dai rana ce garwashin. Kuma ɗumama ruwa da rana ba baƙon abu ba ne a Nijar. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun ƙarshen shekarun 1960, kuma tankunan ɗumama ruwa na cikin abubuwan da suka ƙera a nan gida. Abin haushi ne a ce yau sai mun jira a kawo mana daga Tamanraset.

Amma fa ba zan ce kowa ya je ya fasa daɓensa ba. Sanyin wata biyu ne a shekara. Wanda ɗakinsa ke da rufin tol tsirara babu silin, ƙofa da tazarar yatsa uku a ƙasa, in ya sa bututu kamar mai zuba ruwa a kwando ne. Silin ya fara, shi ma zai taimake shi da bazara. Ya gyara ƙofa. Ya shimfiɗa tabarma ya ɗora darduma. Wanda bai fara gini ba kuma ya sake duban laka da idon mutunci. Gidajen tsohon garin Agadas, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, kaurin bangonsu ne ke riƙe ɗumin rana ya kai su dare. A Iferwan tun shekarun 1980 aka koya wa magina gini marar itace, mai rufin ƙubba da tubalin laka, kuma wanda ya taɓa kwana a irinsa ya san bambanci. Bututu na ɗaki ɗaya ne, na tsoho ko mai jego ko yara, kuma lokacinsa shi ne kafin a zuba daɓe.

Akwai wata magana da ta shafe mu mu kaɗai, wadda ƙanena a Aljeriya bai yi tunaninta ba. A wani gari, in za ka yi daɓe tambayarka ita ce siminti buhu nawa. A Arlit da Akokan tambayar farko ita ce, cikon nan daga ina aka ɗebo shi? Ba sirri ba ne cewa a shekarun baya duwatsun da aka fitar daga ramin ma'adinai sun shiga cikon hanyoyi da filaye, ƙarafan da suka gama aiki a ma'aikata kuma sun shiga kasuwa, aka yi ƙofofi da rufi da kayan gida da su. Ƙungiyar Aghirin'man ta nan garin ta daɗe tana wannan kuka. Masu bincike na CRIIRAD daga Faransa sun zo a ƙarshen 2003, Greenpeace ta zo a Nuwamba 2009, ta auna wasu wurare a titunan Akokan inda tiririn ma'adinin ya ninka na ƙasa lafiyayya har kusan sau 500. An kwashe wasu wuraren bayan nan. COMINAK kuma da ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tarin dusar ma'adini da ake ƙiyasta shi da tan miliyan 20 a gefen gari.

Me ya haɗa wannan da ɗumin ɗaki? Dutsen da ke da uraniyom yana fitar da wata iska da ake kira radon. Ita ma ba wari ba launi. A fili iska tana watsa ta, amma a rufaffen ɗaki taruwa take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari, radon ce ta biyu wajen jawo sankarar huhu, kuma ga mai shan taba haɗarin ninkuwa yake. Wannan ba ta kashewa a dare ɗaya kamar ta gawayi, shekaru take ɗauka. To ɗaki mai ɗumi yana zuƙo iska daga ƙasa, don iska mai ɗumi tana hawa sama ta fita, wata ta shigo ta maye gurbinta ta kowace tsaga, har da tsagar daɓe. Wato da ɗari, lokacin da muke toshe ko'ina muna ɗumamawa, lokacin ne ta fi samun mu. Saboda haka ni da kaina na bi motar da ta ɗebo mini yashi da tsakuwa, na ga inda aka ɗeba. Direban ya ce, "Maigida, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce na yarda da kai, ƙasar ce ban yarda da ita ba. Wanda ya sayi tsohon gida ya nemi masu na'urar aunawa su duba masa kafin ya kashe kuɗi a kan daɓe. A shimfiɗa leda mai kauri a kan ciko, a haɗa bakinta da kyau, a liƙe inda bututu ya ratsa. Kar a sa tsohon bututu ko tankin da ba a san asalinsa ba, komai arharsa. Kuma ko da sanyi ya kai ina, da hantsi a buɗe ƙofa da taga ɗaki ya sha iska.

A kan ledar ne ake shimfiɗa abin tare zafi, farin soson nan mai tauri irin wanda ke zuwa cikin kwalin firiji, amma mai ƙwari na gini, kaurin santimita 3 zuwa 5, har da siririn yanki a zagaye gindin bango. Magininmu ya so ya tsallake wannan, ya ce ɓarnar kuɗi ce, wa zai gani? In babu shi, zafi da yawa ƙasa zai tafi, ka ɗumama hamada kyauta. Bututun ya zama guda ɗaya daga shiga har fita, ba haɗi ko ɗaya a cikin siminti, don daga haɗi yoyo ke farawa. Kafin a zuba siminti a cika shi da ruwa a matsa, a bar shi kwana guda ana duba agogon matsi, kuma a bar shi cike yayin zubawa don in shebur ya huda shi a gani nan take. Bayan an zuba a ba shi sati 3 zuwa 4 ya bushe, sannan a fara da ɗan ɗumi ana ƙarawa kullum kaɗan kaɗan. Wanda ya yi gaggawa zai ga karo yana ɗagowa.

Kulawarsa ba ta da wahala, sai dai tana son mai tunawa, kuma abin da ke ɓoye a ƙasa saurin manta shi ake. Ruwanmu na rijiyoyi masu zurfi ne, dubi cikin butar shayinka ka ga farin abin da ke manne mata. Wannan in ya taru a bututu zai toshe shi. Don haka ruwan cikin daɓe a rufe yake, shi ɗin ne ke zagayawa shekara da shekaru, ba a haɗa shi da na wanka, ba a yawan canza shi, kuma in da hali a cika da tataccen ruwa tun farko. Farkon Nuwamba a duba matsi, a saki iskar da ta taru, don kumfar iska ɗaya tana iya tsayar da zagayen duka, alamarta ka ji gefe ɗaya na ɗaki da ɗumi gefe ɗaya da sanyi. In matsi yana sauka kullum, akwai yoyo, a nemi mai aikin famfo kar a yi ta ƙara ruwa. Duk bayan shekara 5 ko sama a wanke cikin bututun a fitar da laka. Gilashin faifan rufi kuma da hunturu sai an riƙa goge shi, ƙurar kwana uku ta isa ta rage masa ƙarfi, aikin yaro ne da tsumma. Da bazara a lulluɓe faifan, don ruwan da ba ya zagayawa a ranar Mayu zai tafasa ya lalata robobin haɗi. Famfon kuwa ko ba a buƙatarsa a tada shi minti kaɗan duk wata, in ba haka ba wata goma yana zaune zai ƙage. Kafet mai kauri da katifar soso a kan daɓe suna danne ɗumin, tabarma ko siririyar darduma ta fi.

Abu na ƙarshe da mutane ke rainawa: ƙusa. Ranar da aka shimfiɗa bututu, kafin siminti ya rufe shi, a ɗauki hoto daga kowace kusurwa da ma'auni a ajiye a gefe, a zana a takarda, a haɗa da takardun gida. Shekara goma nan gaba wani zai zo kafa ƙofa ko raba ɗaki, ya ɗauko injin huda, bai san abin da ke ƙasa ba.

Namu ɗakin yanzu an shimfiɗa leda da soso, bututu na hanya. Jiya Inna ta dogara sandarta ta zo duba aiki. Ta tambayi magini ina gabas, ya nuna mata, ta je ta zana da bakin sanda daidai faɗin darduma ta ce a nan take so a matso da layukan kusa da juna. Magini ya dube ni, na ce a yi yadda ta ce. Furno kuma ta ce ba za ta bayar ba sai ta taka daɓen da ƙafarta a watan Janairu.